Alkawarin Baki a Kasuwar Dala: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Zawarcin Yara Masu Jefa Ƙwallo

A watan Janairun 2024, Bryce Underwood, ɗalibin sakandaren Belleville da ke jihar Michigan a Amurka, ya sanar da cewa idan ya gama makaranta Jami'ar Jihar Louisiana, wadda aka fi sani da LSU, ita zai buga wa ƙwallon Amurka. Shekarunsa 16 a lokacin, kuma manyan kafofin da ke auna ƙwarewar 'yan wasan sakandare sun sa shi a sahun farko cikin sa'o'insa a duk faɗin ƙasar. Bayan wata goma, ranar 21 ga Nuwamba, sai ya janye maganarsa, ya ce Jami'ar Michigan ya zaɓa, wadda ba ta wuce tafiyar rabin awa a mota daga garinsu ba. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa yarjejeniyar da aka ƙulla da shi ta haura dala miliyan 10 a tsawon shekara huɗu, kuma sunan attajirin nan Larry Ellison, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Oracle, ya fito cikin waɗanda aka ce sun taimaka da kuɗin. Magoya bayan LSU suka ce yaro ya ci amana. Na Michigan suka ce ɗa ne ya dawo gida.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a yanke wa yaron hukunci, ya kamata a san abin da ya sa jami'o'i ke rububin ɗan sakandare haka, da kuma abin da rububin ke haifarwa.

A ƙwallon Amurka kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili, amma ragamar kai hari a hannun mutum ɗaya take, shi ne kwatabak. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kusan kowane yunƙuri, shi kuma zai yanke shawara: ya jefa ta ga abokin wasa da ya ruga gaba, ko ya danƙa wa mai gudu, ko ya ruga da ita da kansa. Ƙungiya na da dama huɗu ta ci yadi 10, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Abin da kwatabak yake da shi na lokaci bai cika wuce daƙiƙa uku ba, ga ƙarti masu nauyin fiye da kilo 120 sun nufo shi da niyyar maka shi da ƙasa. Ƙungiya na iya ɓoye raunin kowane ɗan wasa ban da nasa.

Underwood ya cika kusan duk abin da masu farautar 'yan wasa ke nema da ido. Tsayinsa ƙafa 6 da inci 4, jikinsa murɗaɗɗe, damtsensa na cilla ƙwallo nesa ba tare da ya yi wani dogon shiri ba. Wanda ya kalli faifan wasanninsa na Belleville zai ga abu ɗaya na maimaituwa: masu tsaronsa sun kasa, wani ya kutso, shi kuma ya goce da taku biyu zuwa dama, idonsa bai bar gaba ba, yana cikin gudu ya saki ƙwallo ta sauka a hannun abokinsa can kusa da layin gefe. Irin wannan jifan ba koyarwa ce ke ba da shi ba, baiwa ce. Ya kai Belleville ga lashe kofin jihar Michigan a 2021 da 2022, yana ajin farko da na biyu, ya sake kai ta wasan ƙarshe a 2023. Michigan kuwa ƙishirwa take ji. Ta lashe kofin ƙasa na kakar 2023, kwatabak ɗinta J.J. McCarthy ya wuce gasar ƙwararru ta NFL, sai a 2024 ta gwada mutum uku a gurbinsa babu wanda ya gamsar. Filin wasanta na ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000. Jami'a irin wannan ba za ta zura ido yaron da ya tashi a bayan gidanta ya tafi kudu ba.

Abin da ake kira alkawari a nan maganar baki ce kawai. Ta yi kama da baiko kafin ɗaurin aure: dangi sun ji, gari ya ɗauka, amma ba a biya sadaki ba, kuma sauran manema ba su daina aike ba. Yaro zai zauna gaban kyamara, hulunan jami'o'i uku ko huɗu a jere kan tebur, iyaye a gefe, ya ɗauki ɗaya ya sa, a tafa. Babu dokar da ta ɗaure shi, babu wadda ta ɗaure jami'ar, sai ranar da aka sa hannu a takarda. Tun 2017 aka buɗe damar sa hannu a watan Disamba maimakon jiran Fabrairu, abin da ya ƙara jawo komai baya.

Masu jefa ƙwallo su suka fi kowa saurin ba da wannan alkawari, dalilin kuma a fili yake. Jami'a kan ɗauki masu karɓar jifa uku ko huɗu a shekara, amma kwatabak galibi ɗaya take ɗauka. Da zarar wani ya kama gurbin, an rufe ƙofa. Shi ya sa yaro da iyayensa ke hanzarin kama wuri, koci ma ke hanzarin kama yaro, domin da sunansa ake jawo sauran: mai karɓar jifa yana son ya san hannun wa zai jefo masa. Gaggawar ta taɓa kaiwa inda hankali ba zai ɗauka ba. A 2010 wani yaro mai suna David Sills ya yi wa Jami'ar Kudancin California alkawari yana ɗan shekara 13. Kafin ya isa shiga jami'a an sallami kocin da ya neme shi, Lane Kiffin, shi kuma ya ƙare a West Virginia, inda ya yi suna a matsayin mai karɓar jifa, ba mai jefawa ba.

Sai kuɗi suka shigo a fili. Shekara da shekaru hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta hana ɗalibi karɓar ko kwabo a kan wasansa, ban da tallafin karatu, alhali jami'o'i da gidajen talabijin na kwasar biliyoyi. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Alston, alƙalai tara baki ɗaya suka saɓa wa hukumar. Ranar 1 ga Yulin shekarar aka halatta wa ɗan wasa cin moriyar sunansa da hotonsa, tsarin da ake kira NIL. Tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni suka kafa asusun gayya a kowace babbar jami'a, sunan dai na talla ne, amma kowa ya san ladan wasa ake biya. A watan Yunin 2025 wata alƙaliyar kotun tarayya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ga kuma sauyin sheƙa: tun 2021 ɗan wasa na iya barin jami'a ya koma wata ya buga nan take, ba sai ya zauna shekara guda a benci kamar da ba.

Ni dai ban ga laifin biyan yaran nan ba, kuma ina ganin an ma makara. A 2022 rukunin jami'o'i na Big Ten, wanda Michigan ke ciki, ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa a kan kimanin dala biliyan 7 na shekara bakwai. Wasa ne da ake karya ƙashi, ake tsinke jijiyar gwiwa, ake bugun kai, kuma ƙalilan ne cikin masu buga shi a jami'a ke kaiwa NFL. Yaron da ya samu abin da zai gina wa iyayensa gida yana ɗan shekara 18 bai zalunci kowa ba. Masu zarginsa da magana biyu kuma su fara duba manya. Brian Kelly, kocin da Underwood ya yi wa alkawari a LSU, shi kansa barin Notre Dame ya yi a ƙarshen 2021 a kan kwantiragin kusan dala miliyan 95, ana tsaka da jiran sakamakon kaka. LSU ta sallame shi a Oktoban 2025. Kocin da ya kai Underwood Michigan, Sherrone Moore, shi ma an sallame shi a Disambar 2025. Ko wace hula yaron ya ɗauka, mutumin da ya zauna a falon iyayensa yana yi musu alkawarin kula da ɗansu ba zai kai shi shekara ta biyu ba.

Inda cutarwar take daban ne, kuma ta fi batun amana zurfi. Kuɗi na sayen abin da ido ke gani: tsayi, ƙarfin damtse, gudu. Abin da ke mayar da yaro cikakken kwatabak kuwa a kai yake. Dole ya dubi yadda masu tsaron baya suka tsaya kafin a miƙo masa ƙwallo, ya gane tarko ne ko gaskiya, ya san wa zai duba da farko, wa na biyu, wa na uku, ya kuma san lokacin da ya fi alheri ya jefar da ƙwallo waje ya haƙura. A sakandare mai baiwa ba ya buƙatar wannan sosai, domin ya fi kowa a fili ƙarfi da sauri. A jami'a kowa gwarzon garinsu ne. Karatun nan sai da shekaru, sai da kuskure, sai da malami ɗaya da zai zauna da kai a gaban faifai dare da rana. Wanda ya zuba dala miliyan 10 kuwa ba ya son jin a dakata.

Underwood ya fara wasan farko na kakar 2025 a matsayin jagoran Michigan kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18. An ga damtsen, an ga gudun, an kuma ga ƙuruciya. Michigan ta ci wasa 9 ta faɗi 4, ciki har da kashin da ta sha a gida hannun babbar kishiyarta Ohio State. A wasan rufe kaka ta haɗu da Texas, wadda jagoranta Arch Manning shi ma ya taɓa zama na ɗaya a ajinsa. Bambancin shi ne Manning ya yi alkawari ɗaya a Yunin 2022, ya tsaya a kai, ya yi shekara biyu mafi yawa a benci yana koyo. Texas ce ta yi nasara. Sai dai a faɗi gaskiya: Manning ɗan gidan daula ne, kakansa da baffanninsa biyu duk sun yi NFL. Haƙuri ya fi sauƙi ga wanda ba a jiran kuɗinsa a gida.

Wasu sun fi Underwood shan wahalar tsarin nesa ba kusa ba. Quinn Ewers ya bar ajin ƙarshe na sakandare a Texas a 2021 saboda dokar jihar ta hana ɗan sakandare karɓar kuɗin talla, ya tafi Ohio State, aka miƙa masa ƙwallo sau biyu kacal a wasa, ya dawo Texas, daga bisani aka ɗauke shi a zagaye na bakwai, na ƙarshe, a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL na 2025. Jaden Rashada ya janye alkawarinsa daga Miami ya koma Florida a 2022 a kan yarjejeniyar da ƙarar da ya shigar kotu ta ce ta kai dala miliyan 13.85. Maganar kuɗin ta wargaje, ya bi ta Arizona State da Georgia har ya kai Sacramento State, jami'a uku cikin shekara uku, kowacce da sabon koci da sabon tsarin wasa.

Su kansu jami'o'in sun fara gane cewa tauraron sakandare caca ne. Joe Burrow a 2019, Caleb Williams a 2022, Jayden Daniels a 2023, duk sun lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a ne bayan sun sauya sheƙa. Fernando Mendoza, wanda ya lashe ta a 2025 da Indiana, manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba yana sakandare, ya yi shekarunsa a Jami'ar California yana gogewa ba hayaniya. Sakamakon haka koci da ke tsoron kora ya gwammace ya sayi ɗan shekara 21 da ya riga ya nuna, ya ajiye ɗan 18 ɗin da ya yi shekara biyu yana zawarci. Yaro ya ga an kawo wani a kansa, shi ma ya tattara ya tafi, ya je ya zauna a kan wani. Waɗanda suka fi cutuwa ba a jin sunansu: yaran tsaka-tsaki da gurbinsu ke tafiya ga masu sauya sheƙa, da waɗanda suka bar jami'arsu da tallafin karatunsu ba su samu mai ɗauka ba.

Gyaran ba ya wuyan yaro ɗan shekara 17. Yana wuyan jami'o'i da hukumar NCAA: a rubuta kwantiragi na shekaru da zai ɗaure ɓangarorin biyu, a tabbatar da kuɗi da karatu ko da an ji rauni ko an kori koci, a kuma sa ido kan dillalan da ke shiga tsakanin iyaye da jami'a. Kafin a yi wannan, babu koci ko attajiri ko ɗan kallo da ke da bakin kiran Bryce Underwood maci amana.