Baƙin hunturu: Tsuntsayen Turai da ke zuwa cin rani a fadamun Haɗeja da Nguru

Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san shamuwa. Da zarar an ga ta fara sheƙa a kan tsamiya ko kukar bakin gari, an san damina ta ƙarato, sai a shiga sharar gona.

Amma akwai wasu baƙin da ba a cika lura da su ba, waɗanda suke sauka a daidai lokacin da shamuwa ke tattarawa ta nufi kudancin Afirka. Su ne tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da Rasha, su ƙetare tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, su zo cin rani a fadamu da tafkuna da madatsun ruwan Arewa.

Sukan fara isowa daga watan Satumba, su yi kaka-gida a Disamba da Janairu, sannan su juya a Maris da Afrilu. Babban masaukinsu a Najeriya shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, kuma masana sun daɗe da gane cewa yawansu ko ƙarancinsu ma'auni ne na halin da ruwan yankin yake ciki, ruwan da masunta da manoma da makiyaya fiye da miliyan ɗaya suka dogara da shi.

Me ke kawo su?

Yunwa ce, fiye da sanyi. Idan hunturu ya kama a arewacin Turai da Siberiya, tafkuna kan daskare, ƙwari su ɓace, ƙanƙara ta rufe ciyawa. Tsuntsun da ya tsaya zai mutu. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye fiye da biliyan biyu ne ke tsallakowa Afirka kudu da Sahara a kowace shekara, ban da agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. Wasu daga cikinsu nauyinsu bai wuce giram 12 ba, wato bai kai cikin cokali na sukari ba. Kafin su tunkari hamada sai sun yi ta ci har nauyinsu ya kusan ninkawa, domin kitsen jikinsu shi ne guzurinsu a tafiyar da ta haura kilomita 1,500 babu ruwa babu inuwa.

Idan sun fito daga hamada, ruwan farko da suke tararwa shi ne na yankin Sahel. Manyan wuraren kaɗan ne: bakin kogin Senegal, da fadamun kogin Neja a tsakiyar Mali, da Tafkin Chadi, sai kuma Haɗeja da Nguru.

An ɗauki ƙarnoni a Turai ana gardama kan inda tsuntsayen ke ɓacewa da hunturu, har wasu na cewa cikin taɓo suke nutsewa su yi barci. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da kibiyar Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomitoci da ita. Har yau gawarta na ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Denmark ya fara ɗaura wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, dabarar da ake amfani da ita har gobe wajen gano hanyoyinsu.

Inda koguna biyu suka haɗu

Dausayin ya samu ne a inda kogin Haɗeja da na Jama'are suka shiga tsakanin tsofaffin tuddan yashi, suka rarrabu zuwa ƙoramu da tafkuna a jihohin Jigawa da Yobe, kafin su haɗu su zama kogin Komadugu Yobe da ke gangarawa Tafkin Chadi.

Ambaliya kan cika fadamun a ƙarshen damina, sannan ruwan ya riƙa janyewa sannu a hankali. Wannan janyewar ita ce arzikin yankin. Masunta su kama kifin da ya hayayyafa a cikin ciyayi, manoma su girbe shinkafa su bi danshi su shuka wake da kayan lambu, Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Tsuntsaye kuma su samu taɓo mai cike da tsutsotsi da ƙwayar ciyawa da shinkafar da ta zube.

An rubuta nau'in tsuntsaye fiye da 370 a yankin. Ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu a tsakiyar shekarun 1990 ta nuna tsuntsayen ruwa tsakanin dubu 200 zuwa sama da dubu 300 a lokaci guda.

Wanda ya je Dagona a Ƙaramar Hukumar Bade, ko Baturiya a Jigawa, ko tafkin Nguru, zai ga 'yan gida da baƙi a cakuɗe. Cikin 'yan gida akwai kirinjijiya mai farar fuska da ke fito idan ta tashi, da dinya, da jinjimi, da balbela. Cikin baƙi akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira garganey, wadda namijinta ke da farin layi kamar gira daga ido zuwa wuya, takan zo dubbai. Akwai wata agwagwar mai dogon wuya da tsinin jela. Akwai wani mai dogayen ƙafafu da ake kira ruff, wanda ke ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Siberiya, amma a nan yake kalar shinkafa a gonakin da aka girbe. Har zalɓen da ake gani tsaye a bakin ruwa, wani ɗan gida ne, wani kuwa daga Turai ya zo.

Wannan ne ya sa dausayin ya yi suna a duniya. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya ziyarci Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Najeriya. Dagona da Baturiya sun bi sahu a 2008, sannan hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja-Nguru-Bade a matsayin wurin da ake tattalin halittunsa a 2020.

Ƙidayar watan Janairu

A Turai, kallon tsuntsaye a hunturu al'ada ce babba. A Birtaniya mutane kan fita cikin tsananin sanyi zuwa madatsun ruwa da bakin koguna inda suke shiga teku, su zauna a 'yan bukkokin katako suna kallon agwagi da dinyoyin da suka sauko musu daga Iceland da Rasha. Su ma suna karɓar baƙi daga arewa, a lokacin da nasu tsuntsayen na bazara suke nan Afirka.

Daga wannan sha'awar aka samu ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, ƙungiyar Wetlands International ke jagoranta, kuma ƙasashen Afirka suka shiga daga 1991. Ana yin ta ne a tsakiyar Janairu, lokacin da tsuntsayen suka natsu wuri guda, don kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu.

Ba ɗaya-ɗaya ake ƙirgawa ba. Mai ƙidaya kan ware goma ko ɗari da ido, ya ga faɗin wurin da suka ci, sannan ya riƙa auna sauran garken da wannan ma'aunin. Alƙaluman suna da amfani: a ƙa'idar Ramsar, duk dausayin da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa dubu 20 a kai a kai, ko kashi ɗaya cikin ɗari na wani jinsi, ya cancanci kariya ta duniya.

Ƙidayar ta kuma nuna yadda Sahel da Turai suke ɗaure da igiya ɗaya. A bazarar 1969, masu kallon tsuntsaye a Birtaniya sun wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a ko'ina ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Da aka bi diddigi, sai aka gano farin da ya fara a Sahel ne ya kashe su. Farin nan shi ne ya ci gaba har ya halaka dabbobi ya tarwatsa garuruwa a farkon shekarun 1970. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ruwan da aka tare, da ciyawar da ta toshe hanya

Babban sauyin da dausayin ya gani ya fara ne daga sama, a Jihar Kano. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Sun ba Kano ruwan sha, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, amma tare da shekarun fari sun rage faɗin ƙasar da ambaliya ke shafa a ƙasa ƙwarai da gaske.

Akwai matsala ta biyu da ba a hango ba. A da, kogin kan ƙafe da rani, ciyayin ruwa su bushe. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tara yashi, ta karkatar da ruwa. Wasu garuruwan da ke bin mashigin Marma zuwa Nguru suka riƙa fama da ruwan da ya ƙi janyewa daga gonakinsu, wasu kuma da ke kan tsofaffin hanyoyin kogin suka rasa ruwan gaba ɗaya.

Kachala ba ta yi wa kowa rana ba. Kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga, sauro da dodon-koɗi mai yaɗa tsargiya suna samun mafaka. Agwagin da ke son buɗaɗɗen ruwa da masu kiwo a taɓo sun rasa wuri. Wanda ya ci riba shi ne jan-baki, wanda ke kwana a cikinta dubbai, da safe ya faɗa wa gonakin shinkafa da gero da dawa.

Gwamnatoci da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are sun sha kawo injinan yashe hanyoyin ruwa, al'ummomi kuma na fita aikin gayya da lauje da adda. Sai dai ciyawar na dawowa muddin tsarin sakin ruwan bai sauya ba. Masana tattalin arziki da suka yi nazarin yankin a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa idan aka haɗa kifi da noma da itacen da fadamun ke bayarwa, ruwan da aka bari ya gangaro ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare don manyan ayyukan ban-ruwa. Wannan muhawarar ce ke tasowa duk lokacin da aka ɗago maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana kawo ambaliyarsa yadda Allah Ya tsara.

Sai kuma farauta. Ana kafa wa agwagi raga, ana harbi, wasu ma na zuba guba a hatsi, abin da ke jefa mai cin naman cikin haɗari. Gauraka, wanda a da ake ganin garkensa a fadamun Arewa, yanzu ganinsa a dajin Najeriya ya zama abin labari, saboda lalacewar muhallinsa da kamun da ake yi masa don ƙawata gidajen masu hali.

Ga mai son gani da idonsa

Ba sai an je Turai ba, kuma ba sai da tsadadden kaya ba. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi. A fita bayan sallar asuba, a ba rana baya don launin tsuntsun ya fito, a guji fararen kaya masu ɗaukar ido da hayaniya. Ranar da hazo ya yi kauri ba a ganin nesa, gara a jira ya washe. Ƙaramin madubin hangen nesa ya isa, littafi da biro kuma su riƙe abin da aka gani.

A Dagona, wadda ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, sai an nemi izinin ma'aikata. A ko'ina kuma, gaida mai gari da ɗaukar ɗan jagora daga cikin masunta ya fi komai, don su suka san inda garke ke sauka, kuma su za su faɗi halin tsaron hanya. Wanda Nguru ta yi masa nisa yana iya gwada gefen madatsun ruwa irin su Tiga da Zobe da Goronyo da Dadin Kowa, musamman inda ruwa ya janye ya bar taɓo.

Wayar hannu ma ta shigo cikin harkar. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke gudanarwa yana karɓar bayanai daga 'yan sa-kai ta manhajar BirdLasser, kuma matasan Arewa na cikin masu aikawa. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ita ma ta shafe shekaru tana aiki da ƙauyukan dausayin.

Wanda ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa ko 'yar na'ura a baya, kada ya tsorata. Ba asiri ba ne, ba kuma leƙen asiri ba, ko da yake a Masar an taɓa tsare wata shamuwa a 2013 bisa wannan zargi. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauki hoton lambar, a rubuta rana da wuri, a aika wa masu binciken, in yana da rai a sake shi.

Daga ƙarshen Fabrairu agwagin za su duƙufa ci don tara kitsen komawa. Ko nawa ne za su iya ƙetare hamada ya danganta da abincin da suka samu a fadamun Jigawa da Yobe, shi kuma abincin ya danganta da yawan ruwan da aka saki daga Tiga da Challawa, da lokacin da aka sake shi. Amsar da masuncin Nguru da manomin Guri suke jira ke nan su ma.