Masu Rubuta Manhaja a Dutsin-Ma

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, garin ya samu sana'ar da ba ta neman rumfa a kasuwa. Jarinta kwamfutar tafi-da-gidanka, da data, da wurin caji in an ɗauke wuta. Matasan da ke yin ta suna cin abinci ne da ƙananan ayyuka: shafin makarantar kuɗi inda iyaye za su duba sakamakon yara, ko na ɗan kasuwa mai son a ga hajarsa a waya.

Yaren aikin shi ne JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995. Kwalliyar shafi kowa na iya koya cikin wata guda. Ni dai a wajen lissafi nake gane gwani.

Dubi wayar lantarki da ke rataye tsakanin turaku a hanyar Kurfi. Wannan lanƙwasa tana da ƙa'ida, ana kiran ta cosh, kuma tun 1691 Leibniz da Huygens da Johann Bernoulli suka warware ta. In injiniya ya san tsayin wayar a wani wuri, yana son nisan wurin daga tsakiyar lanƙwasar, sai a juya lissafin baya. Aikin acosh ke nan. Yau layi ɗaya ya isa: rubuta Math.acosh(2), amsa ta fito kusan 1.317. Sai a 2015 Math.acosh ya shiga ƙa'idar yaren, Internet Explorer kuwa, manhajar buɗe shafukan intanet, har aka yi masa ritaya a 2022 bai san da shi ba. Na da da hannu suke rubutawa: Math.log(x + Math.sqrt(x * x - 1)).

Ga inda gizo ke saƙa. A ba acosh lambar da ba ta kai 1 ba, ba zai yi ƙorafi ba, shiru zai miƙo NaN, alamar cewa amsar ba lamba ba ce, ita kuma ta bi duk lissafin da ke gaba ta lalata shi. Ɗan koyo kan kwafo layin daga intanet, ya ga ya yi aiki sau ɗaya, ya garzaya wurin mai aiki. Wanda ya goge sai ya jarraba 0.5, ya bar gurbin babu komai, ya cusa harafi a maimakon lamba, kafin ya buɗe baki a kan kuɗin aiki.