Wuya ko Haɗari: Zaɓin Masu Hawan Dutse na Landan

Landan ba garin duwatsu ba ne. A kan yumɓu birnin yake zaune, a gaɓar kogin Thames, amma da an tashi daga aiki da yamma sai ka ga matasa da jakunkuna a baya suna tururuwa zuwa wuraren hawan bango. A unguwar Stoke Newington akwai wani tsohon gidan tura ruwan famfo da aka gina a shekarun 1850 da siffar fadar sarakunan da, wanda tun 1995 ya koma wurin hawa, ana ce masa Castle. Akwai wani a Vauxhall a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, akwai na Westway a ƙarƙashin gadar sama ta babbar hanyar A40.

A ciki, hannun kowa fari fat da garin alli, ƙafa cikin matsattsen takalmi mai ƙasan roba. An ɗaɗɗaure mariƙai masu launi-launi a jikin bango, ƙasa kuma katifa ce mai kauri. Mutum zai faɗo sau goma a wuri ɗaya, ya kakkaɓe jiki, ya sake komawa. A nan wuya kawai ake nema, domin an riga an rage haɗarin iyakar yadda za a iya. Sai ranar Asabar, idan aka bar gari aka fuskanci dutse na gaske, tambayar da bango ya ɓoye take fitowa: hanya mai wuya wadda faɗuwa a kanta ba ta da illa kake so, ko mai sauƙi wadda kuskure ɗaya zai iya kai ka asibiti?

Sai an san yadda igiya take aiki za a gane nauyin tambayar. Wanda ke gaba yana hawa ne da igiya ɗaure a ɗamarar ƙugunsa, abokinsa na ƙasa yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan. Igiyar ba ta da amfani sai an ratsa ta cikin wani abu da ke kafe a dutsen, wato makari. Idan mai hawa ya wuce makarinsa na ƙarshe da mita 3 sannan ya suɓuce, mita 6 zai faɗo, har da ƙari saboda igiyar tana miƙewa. Idan kuwa makarin yana mita 5 daga ƙasa shi kuma ya kai mita 11, igiyar ba za ta kama shi ba sai ya riga ya sha ƙasa.

Makaran nan iri biyu ne. Akwai ƙusoshin ƙarfe da ake huda dutse a kafa su dindindin, kusa da juna. Akwai kuma salon gargajiya, inda mai hawa yake tafe da ƙananan ƙarafuna rataye a ƙugu, yana neman tsaga yana cusa su da hannu ɗaya, na bayansa ya cire su, a bar dutse yadda aka same shi. Asalin wasu daga cikin ƙarafunan ma notuna ne na inji da masu hawa na Birtaniya suka riƙa zira wa igiya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Inda dutse ba shi da tsaga, babu makari ke nan, sai ƙarfin zuciya.

Abin da ya burge ni da Birtaniya shi ne ma'auninta na hanyoyin gargajiya ba ya ɓoye wannan gaskiyar. Kuma ɗan Landan ne ya aza tubalinsa: Owen Glynne Jones, malamin kimiyya a makarantar City of London, wanda a littafinsa na 1897 kan duwatsun yankin tafkuna na arewacin Ingila ya kasa hanyoyi gida huɗu, daga mai sauƙi zuwa mai tsananin gaske. Shekara biyu bayan haka ya rasu a faɗuwa daga dutsen Dent Blanche na ƙasar Suwizalan. Yau yawancin hanyoyin gargajiya suna ɗauke da maki biyu. Na farko, kamar VS ko HVS ko E1 zuwa sama, ya haɗa komai: gajiya, tsawo, ingancin makari, da abin da zai sami mutum in ya faɗo. Na biyu, kamar 4c ko 5b, yana nuna wuyar motsi mafi tsauri kaɗai.

Gwanin karatu yana duba tazarar da ke tsakanin biyun. Bisa al'ada HVS da 5a suke tafiya. To a dutsen Froggatt da ke yankin Peak District akwai wata hanya mai suna Sunset Slab da aka ba HVS 4b. Sabon shiga zai ga 4b ya ce wannan ai wasa ne, ya hau abin da ya fi shi wuya a bangon unguwarsu. Wanda ya san dawan garin kuwa ya san abin da ake gaya masa: motsin ba wuya, amma a saman babu inda za ka sa ƙarfen da zai tare ka. Ma'aunin Faransa, wanda ake amfani da shi a hanyoyi masu ƙusa, wuya kawai yake aunawa. Amurkawa kuma sukan liƙa harafin R ko X a ƙarshen makinsu don gargaɗi.

Hanyoyi biyu sun nuna iyakar kowane ɓangare. A 1986 Johnny Dawes ya hau Indian Face a dutsen Clogwyn Du'r Arddu na ƙasar Wales, hanya ta farko da aka ba E9. Ƙarafunan da ake samun sakawa a cikinta ƙanana ne ƙwarai, ba wanda yake son gwada su da nauyin jikinsa, shi ya sa har yau waɗanda suka maimaita ta 'yan kaɗan ne. Shekara huɗu bayan haka, a 1990, Ben Moon ya hau Hubble a dutsen Raven Tor, gajeruwar hanya mai ƙusoshi wadda a lokacin take cikin mafi wuya a duniya. A fagen ƙarfin yatsu Hubble ta yi wa Indian Face nisa, amma a kanta mutum yana iya faɗuwa yau da gobe har ya gaji ya koma gida lafiya. Sai Dave MacLeod a 2006 ya haɗa wuyar da haɗarin a Rhapsody da ke dutsen Dumbarton kusa da Glasgow, E11 ta farko, bayan ya sha faɗuwa mai nisan kusan mita 20.

Mazaunin Landan yana da duka zaɓin a kusa. Idan wuya yake so ba tare da fargaba ba, jirgin ƙasa daga tashar Waterloo zai kai shi Weymouth, daga nan sai tsibirin Portland mai ɗaruruwan hanyoyi masu ƙusa a bakin teku. Idan kusa yake so, akwai Harrison's Rocks daura da Tunbridge Wells, mallakar hukumar masu hawan dutse ta Birtaniya wato BMC, inda dutsen yashi ne mai taushi har an hana cusa masa ƙarfe. Daga sama ake sako igiya. Idan kuwa gwajin zuciya yake nema, sai ya nufi arewa, Stanage ko Froggatt, inda al'ada ta hana huda dutse ƙwata-ƙwata.

An daɗe ana jayayya a kan wannan hanin. Masu son ƙusa suna cewa don me za a bar kyakkyawar hanya ga 'yan tsiraru masu kasada? Masu gargajiya suna cewa da zarar an kafa ƙusa an canza hanyar ga kowa har abada, alhali wanda ba ya son haɗari yana da Portland. A ganina na biyun sun fi hujja kan batun dutsen, amma sun yi kuskure duk lokacin da suka raina wanda ya zaɓi tsira da ƙashinsa. Uba mai 'ya'ya uku da ya ce shi hanya mai ƙusa kawai zai hau ba matsoraci ba ne, lissafinsa daidai ne.

Damuwata tana wani wuri daban. Tun da wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo, kuma Toby Roberts, a lokacin ɗan shekara 19, daga Surrey da ke maƙwabtaka da Landan, ya ci zinare a Paris a 2024, yara da matasa sai ƙara shigowa suke yi. Bango yana ba su ƙarfi cikin shekara ɗaya ko biyu, amma ba ya koya musu duban tsaga, ko gane ƙarfen da ya zauna da wanda zai fice, ko sanin lokacin da ya kamata a sauko tun ana iya saukowa. Shi ya sa tsofaffin hannu suke gaya wa ɗan bango ya fara hawan gargajiya a matakin da ya yi ƙasa sosai da ƙarfinsa, ya bi bayan gwani yana cire ƙarafuna yana lura da yadda aka saka kowanne, kafin a miƙa masa bakin igiya.