Wa ya riƙe kundin? Gaskiya da ƙarya a kan albam ɗin da ya ƙi fitowa

Duk shagon cajin waya da ke Dudunni, ko bakin tasha a Kusada, ko gefen titin Kano zuwa Katsina a Kankiya, akwai matashin da ke jiran sabon kundin wani mawaƙi. An yi alkawarin farkon shekara, aka ce sai bayan azumi, aka koma Babbar Sallah, har damina ta faɗi shiru. Inda shiru ya yi yawa kuwa magana ba ta rasa mai ƙirƙirarta. Wani ya ce kamfani ne ya riƙe kundin. Wani ya ce hukumar tace fina-finai ce ta hana. Wani ya rantse an riga an sake shi a ɓoye, yana cikin wayar abokinsa. Akwai kuma masu cewa mawaƙin ya ƙoshi da kuɗin YouTube, bai damu da talaka ba. Cikin waɗannan maganganu akwai mai ƙamshin gaskiya, akwai wadda aka aro daga Legas ko Amurka aka ɗora wa mawaƙin Hausa, akwai kuma ƙarya tsagwaronta da ke iya jawo wa mutum asara.

Zancen kamfani ya fi kowanne yaɗuwa, kuma ba daga sama ya faɗo ba. A Amurka, kundin Lil Wayne mai suna Tha Carter V ya kamata ya fito a 2014, amma rikicinsa da kamfanin Cash Money ya kai shi kotu a 2015 yana neman dala miliyan 51, kundin bai ga rana ba sai watan Satumba na 2018. A Legas ma, saɓanin Kiss Daniel da kamfanin G-Worldwide a 2017 ya kai ga shari'a, har mawaƙin ya koma amfani da sunan Kizz Daniel. A irin wannan tsari kamfani ne ke biyan kuɗin situdiyo da bidiyo da talla, shi ke mallakar asalin naɗin, mawaƙi kuma ya sa hannu cewa ba zai fitar da komai ba sai da izininsa. Idan suka ɓata, waƙa ta maƙale.

Ƙasar Hausa ta taɓa sanin irin waɗannan kamfanoni. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ke nan maƙwabtanmu, ya yi faifan garmaho da kamfanin EMI, a zamanin da EMI da Decca da Polygram ke riƙe da harkar faifai a Najeriya. Sai dai ko a lokacin, abincin Shata bai rataya a kan faifai ba. Yana hannun iyayen gidansa da filin wasa da gidajen biki, gidan rediyon Kaduna kuma yana kai muryarsa ko'ina. Daga baya kamfanonin Turawan suka sayar da rassansu suka bar ƙasar, kaset mai arhar kwafi ya cinye kasuwar faifai.

Waƙar Hausa ta zamani, wadda ta taso da fiyano a situdiyoyin Kano tun kusan fim ɗin Sangaya na 1999, ba ta girma a hannun kamfanin faifai ba. Ta girma a hannun 'yan kasuwa. Mawaƙi zai shiga situdiyo a titin Gidan Zu, ya biya mai kiɗa, ya biya 'yan amshi, ya haɗa waƙoƙi goma ko fiye, ya kai wa dillalan kaset da sidi na Ƙofar Wambai ko na Bata. Ko su sayi kundin dungurungum su biya shi, ko ya buga da kuɗinsa su sayar su cire ladansu. Daga nan kwalaye su hau mota zuwa Katsina da Funtuwa da Maraɗi, masu turawa a baro su shiga da su kasuwannin ƙauye. Wannan tsari ne ya ba mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef damar saba wa masoya da sabon kundi kusan kowace shekara, domin akwai wanda zai zube kuɗi a ranar da aka kai masa kaya. Saboda haka idan aka ce kamfani ya riƙe kundin mawaƙin Hausa, a mafi yawan lokuta babu kamfanin. Sunan da ake gani a jikin fosta na situdiyon mawaƙin ne da kansa, ko na abokinsa mai kiɗa.

Abin da ya faru shi ne kasuwar sidi ta mutu, kuma a gabanmu ta mutu. Waya mai katin memori ta shigo, masu tura waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a kowace kasuwa, sannan Bluetooth da Xender da WhatsApp suka ƙarasa sauran. Mutum ɗaya ya samu kundi da safe, kafin magariba ya zaga gari. Ba na ganin laifin yaron da ya kafa teburin turi don ya ci abinci, amma dole a faɗi yadda lissafin yake: 'yan kuɗin da ake ba shi don ya cika memori da waƙoƙi, ko kwabo ba ya isa ga wanda ya rera su. Ɗan kasuwar da a da yake sayen kundi ya daina, tunda ba zai mayar da uwar kuɗinsa ba. Mawaƙi ya koma shi ne mai zuba jari, shi ne mai talla, shi ne mai ɗaukar asara. Yawancin jinkirin da ake ɗora wa wani ɓoyayyen kamfani daga nan yake, kuɗin kiɗa da na bidiyo ba su haɗu ba, kuma babu tabbacin za su dawo.

Akwai dai wani nau'in kamfani da mawaƙan yanzu ke hulɗa da shi da gaske, shi ne mai rarraba waƙa a intanet, irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby da ONErpm. Aikinsu ya bambanta da na kamfanin faifai. Mawaƙi zai ɗora waƙarsa da hoton bango da sunayen waɗanda suka yi aikin, ya biya kuɗin shekara ko ya yarda a riƙa cire wani kaso, su kuma su aika ta zuwa Spotify da Apple Music da Boomplay da sauransu, kowace waƙa da lambar shaidarta. A tsarin da aka saba, mallakar waƙar tana hannun mawaƙi, shi ke zaɓar ranar fita. Suna iya mayar da kundi idan hoton bai dace da ƙa'ida ba, ko an ɗauko kiɗan wani ba izini, ko sunaye sun ci karo. Wannan gyaran kwanaki ne ko 'yan makonni. Spotify na son a sanar da editocinsa aƙalla kwana 7 kafin fita, masu rarrabawa kuma kan ba da shawarar a ba su makonni kaɗan. Duk wanda ya ce mai rarrabawa ya riƙe kundi shekara biyu, bai san aikin ba. Abin da kan jawo doguwar matsala shi ne idan wani ya riga mawaƙi ɗora waƙarsa da sunan kansa, wanda ke yawan faruwa da waƙoƙin Hausa, sai mai haƙƙi ya koma yana kawo hujja kafin a sakar masa abinsa.

Sai maganar cewa mawaƙi ya ƙoshi da kuɗin intanet. Gaskiya ne ana samu, kuma wasu sun samu mai kauri. Amma yadda ake lissafa shi a majalisa, a ce kallo miliyan ɗaya daidai yake da miliyoyin naira kaza, ba haka yake ba. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da tasha a babban tsarinsa sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Bayan nan mai tasha na samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka nuna, kuma ba a tura masa sai ya kai dala 100. Farashin tallar ya danganta da ƙasar mai kallo. Kallo daga Kusada ba ya kawo abin da kallo daga Landan ke kawowa, domin masu talla ba sa biya daidai. Spotify, da ya shigo Najeriya a watan Fabrairu na 2021, yana raba kuɗi ne gwargwadon abin da ya tara a kowace kasuwa, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin shekara ba, ba ta shiga rabon. Boomplay, wanda kamfanin Transsion mai wayoyin Tecno da Infinix da itel ya kawo a 2015, ya fi kusa da hannun mutanenmu saboda yana zuwa cikin wayar. Amma mai sauraron da ya karɓi waƙa ta Xender, saboda tsadar data ko raunin sabis a ƙauye, babu na'urar da ta ƙirga shi. Mawaƙi na iya zama mafi farin jini a Dudunni alhali a lissafin kamfanonin nan Dudunni ba ta saurare shi ko sau ɗaya ba.

Wannan lissafi ne ya sa da yawa suka koma sakin waƙa ɗaya-ɗaya. Jaruma ta Hamisu Breaker, da ta mamaye ko'ina a 2020 lokacin kullen korona, ta nuna cewa waƙa guda na iya kai mawaƙi inda kundi sukutum bai kai shi ba. Wanda ya zuba waƙoƙi goma sha biyu a rana ɗaya, biyu za a riƙe a manta da sauran. Wanda ya rarraba su a wata goma sha biyu, kowacce ta samu kasuwarta. Sau da yawa kundin da ake jira ya riga ya fito gutsure-gutsure, ba a dai ɗaure shi da suna ɗaya ba.

Zancen hukuma yana da tarihi na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma hurumin da take da'awa ya haɗa da waƙoƙi. A 2007, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar hukumar, an ɗaure Adam A. Zango saboda bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya da aka ce ya fitar ba a tace ba. A 2009 an kama Aminu Ala, a shekarar kuma wata kotun majistare a Kano ta haramta waƙoƙin Hausa 11. A 2019 an kama Naziru M. Ahmad bisa zargin sakin waƙoƙin da ba a tace ba. Mawaƙin da ke zaune a Kano yana sane da wannan, kuma yana iya jinkirta waƙa ko ya sauya baiti don gudun fitina. Inda jita-jita ke wuce gona da iri shi ne cewa hukumar na da ikon rufe kundi a duniya baki ɗaya. Dokarta ta jihar Kano ce. Ba ta da maɓalli a kan YouTube ko Audiomack. Hukumar NBC ta tarayya kuma gidajen rediyo da talabijin take iya hana wa saka waƙa. Sannan hanin hukuma ba a ɓoye ake yin sa ba, sanarwa ake fitarwa, jaridu su ɗauka. Hanin da ba a ji shi a ko'ina ba sai a bakin majalisa, a ajiye shi gefe.

Masu cewa siyasa da biki sun ɗauke hankalin mawaƙa, su ne suka fi kusa da gaskiya, kuma ban ga dalilin ɓoye ta ba. Waƙar ɗan takara da waƙar amarya ana biyansu kafin a buga fiyano. Kundin soyayya kuwa sai an kashe a zauna jira. Idan kakar zaɓe ta matso, kamar 2015 da 2019 da 2023, situdiyoyi cika suke da aikin jam'iyyu, masu kiɗa ma ba sa samun lokaci. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, ya gina sunansa kacokan a wannan fage, a 2020 kuma ya nemi masoya Buhari kowa ya turo naira 1,000 kafin ya saki wata waƙa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, amma abin ya fito da tambayar da masu jiran kundi ba su cika yi wa kansu ba, wato wa zai biya kuɗin aikin.

Ɗage rana shi kaɗai ba alamar rikici ba ne. Wizkid ya ɗage Made in Lagos a watan Oktoba na 2020 saboda zanga-zangar EndSARS, ya sake shi a ƙarshen watan. A nan gida kuma mawaƙi mai hankali ba ya sakin kundin soyayya ana shirin shiga azumi, ko ana cikin makoki a garinsu.

Mafi haɗari ita ce maganar cewa an saki kundin a ɓoye. Gaskiya ne waƙa kan sulale daga situdiyo kafin lokacinta, ta hannun yaron shago ko wanda aka tura wa don ya ji, kuma tsoron haka na cikin abin da ke sa mawaƙa riƙe aiki ko sake yin sa daga farko. Amma yawancin abin da ke yawo da sunan sabon kundi tsofaffin waƙoƙi ne aka sauya wa suna, ko wani mai kwaikwayon murya ne, yanzu kuma ga manhajojin da ke iya ƙera muryar mutum. Wasu tashoshin suna yin haka don su tara masu kallo. Wasu kuwa damfara ce kai tsaye: a turo saƙo a WhatsApp a ce danna nan ka sauke, sai a nemi lambar sirri da aka aiko wa mutum a waya, ko bayanan katin banki. Wanda ya bayar, asusunsa ya tafi. Kundi na gaskiya yana bayyana a tashar mawaƙin ta YouTube da shafukansa da aka sani, kuma babu mawaƙin da ke buƙatar lambar sirrin kowa kafin a ji waƙarsa.

Masu irin waɗannan tashoshi kan kare kansu da cewa waƙar da ta shiga duniya ta kowa ce, musamman idan mai ita ya rasu. Doka ba ta ce haka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa tsawon rayuwar mai ita da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, shi kuma naɗin murya shekara 50 daga fitarsa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Ke nan waƙoƙin Shata suna da masu haƙƙi har zuwa 2069, magadansa kuma na da ikon kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ko su nemi YouTube ya sauke duk abin da aka ɗora ba da izininsu ba.