Iskar Taya a Motar Gona: Yadda Za Ka Sa Tayoyin A-kori-kura Su Daɗe

Idan kana da motar a-kori-kura da kake hidimar gona da ita, ka san irin zagayen da take yi a yini guda. Da sassafe ta tashi daga Hotoro babu komai a bayanta, ta bi Eastern Bypass ta faɗa titin Zariya. Kafin hantsi ta sauka daga kwalta wajen Kura ko Kadawa ta shiga burji, daga burji ta gangara hanyar gona mai rairayi ko taɓo. Da azahar kuma ta juyo da buhunan shanshera, ta nufi kamfanin casar shinkafa a Sharada, Challawa ko Bompai, daidai lokacin da kwalta ta ɗauki zafi. Hanya iri uku ke nan, nauyi iri biyu, amma iskar da ke cikin tayoyin ita ce dai wadda mai faci ya ɗura makonni uku da suka wuce.

Daga nan yawancin asarar taya ke farawa. Taya kuwa ba abin wasa ba ce yanzu. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, yawancin tayoyin motocinmu daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Kuɗin taya huɗu sun sayi buhunan taki masu yawa. To idan ta mutu tun rabin kwananta, daga ribar gonarka aka cira.

Iska ce ke ɗaukar kayan

Tayar da aka rubuta wa A/T a jikinta an yi ta ne don ta yi aiki a kwalta da kuma hanyar daji. Zanenta ya fi na tayar gari zurfi da girma, wasu kuma gefensu ya fi kauri. Wannan ke sa mutane su ɗauka ta fi ƙarfin komai. Amma abin da ke ɗaukar nauyin mota shi ne iskar da ke ciki, roba da wayoyin riƙe iskar kawai suke yi.

Idan iska ta yi kaɗan, gefen tayar yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi. Ka taɓa lanƙwasa waya sau da yawa ka ji ta ɗau zafi kafin ta karye? Haka ke faruwa a cikin taya. Zafin yana raunana haɗin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfe, wata rana sai bayan tayar ya ɓare ko ta fashe ana tsakiyar gudu. An ga wannan a Amurka: a watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5, ciki har da samfurin ATX da Wilderness AT, bayan sun riƙa ɓarewa a motocin Ford Explorer, akasari a jihohi masu zafi. Mutum sama da 200 ne suka mutu. Akwai matsalar ƙira a ciki, amma ƙarancin iska da nauyi da zafi suna cikin abubuwan da aka gano sun taimaka. Dukkan ukun kuwa muna da su a titin Zariya cikin watan Afrilu.

Idan iska ta yi yawa kuma, tsakiyar tayar kaɗai ke taka ƙasa. Mota ta riƙa tsalle a burji, birki ya rage kamawa, dutse ko bakin rami ya fi saurin yanka ta.

Wace lamba za ka bi?

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin. Akwai 'yar takarda da kamfanin motar ya manna, ɗauke da girman taya da iskar da ta dace da gaba da baya. A yawancin a-kori-kura za ka ga lamba biyu don tayoyin baya: ta lokacin da motar take babu kaya da ta lokacin da aka yi mata lodi. Idan takardar ta goge, littafin motar na ɗauke da bayanin.

Wani lokaci ba da PSI ake rubutawa ba, wato ma'aunin da masu facinmu suka saba da shi. Idan ka ga 200 kPa ko 2.0 bar, PSI 29 ke nan. Idan 250 kPa ne ko 2.5 bar, PSI 36 ke nan. A Hilux mai taya 265/65R17, lambobin da aka saba gani suna tsakanin waɗannan biyun. Motar da ke da tayar ɗaukar kaya mai harafin C, kamar 195R15C, tana neman iskar da ta fi haka sosai a baya idan an yi lodi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin lambar da ke jikin tayar, wadda aka rubuta kusa da kalmar MAX. Wannan lamba iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita aka ce ka riƙa yawo da ita kullum ba. Kuskure na biyu shi ne barin mai faci ya yanke maka hukunci. Da yawansu lamba ɗaya suka riƙe ga kowace babbar mota, arba'in ko hamsin, ko da kaya ko babu. Kai za ka faɗa masa lambar da kake so, gaba kaza, baya kaza.

Akwai abin lura ga wanda ya canja irin taya. Idan motarka ta zo da tayar gari kai kuma ka sa mata A/T mai haruffan LT a farkon lambarta, wannan tayar tana buƙatar iska fiye da ta asali kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Ka ga takardar ƙofa ba za ta wadatar ba. Tambayi dilan da ya sayar maka ya duba jadawalin nauyi da iska na kamfanin tayar.

Ka auna da sanyin safiya

Duk lambobin nan na taya mai sanyi ne, wato wadda ta huta aƙalla awa uku, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya zuwa biyu ba. Idan ka taso daga Wudil ka tsaya wurin mai faci a Hotoro, geji zai iya nuna ƙarin PSI 4 ko fiye. Wannan ƙarin ba matsala ba ne, masu ƙera taya sun yi lissafinsa. Kar ka yarda a sace iskar taya mai zafi, domin idan ta huce za ta koma ƙasa da abin da ake so.

Yanayi ma yana taɓa iska. Duk sauyin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ɗaga iska ko ya sauke ta da kimanin PSI 1. A Kano, inda asubar hunturu kan sauko ƙasa da digiri 15, bazara kuma ta kai 40, tayar da ka daidaita a wani lokaci ba za ta zauna daidai a wani ba. Ga shi ko lafiyayyar taya tana rasa kusan PSI 1 a wata.

Sayi gejinka na kanka ka ajiye a mota, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Gejin bakin titi yana shan faɗuwa da ƙura, biyu ma ba sa ba da amsa ɗaya. Bugun taya da ƙafa ko da ƙarfe kuwa ba awo ba ne. Tayar A/T mai kaurin gefe za ta iya rasa iska mai yawa kana kallonta tsaye ƙyam.

Lodi: yi lissafin buhu

Bayan girman taya akwai wata lamba da harafi, misali 112S. Lambar 112 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 1,120 idan an cika mata iskar da ta dace. Lamba 110 kilo 1,060 ce, 106 kuma kilo 950. To tayoyin baya biyu masu lamba 112 iyakarsu kilo 2,240.

Yanzu lissafa. Hilux mai gida biyu ita kanta ta kai tan biyu, kuma abin da ya kusa rabin wannan nauyin a baya yake tun ba a sa komai ba. Abin da aka ƙera irin waɗannan motoci su ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da direba da mutanen da ke ciki. Tan ɗaya buhu 20 ne na taki mai kilo 50, ko buhu 10 na masara mai kilo 100. Idan ka jibga buhu 15 na masara don ka huta zuwa Dawanau sau biyu, ka wuce ƙarfin tayoyin baya, ka wuce na sifirin da birki. Ƙarin iska ba ya gyara wannan. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa: kuɗin man da ka tsimi bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Ranar da za ka yi lodi, ƙara iskar baya zuwa lambar lodi tun da safe. Tafiya babu kaya da wannan iskar na 'yan kilomita ba ta da illa kamar dawowa da kaya a kan iska kaɗan. Idan kaka ta wuce mota ta koma zirga-zirgar gari, mayar da ita lambar farko. Wajen jera buhu kuma, manyan kaya su matso kusa da gidan direba, kar su taru a bakin ƙofar baya.

Rage iska a rairayi da taɓo

Idan motar ta fara nutsewa a rairayi ko lakar fadama, rage iska na taimakawa, domin tafin tayar yana ƙara tsawo ya baje nauyin. Ga motar da ba ta da kaya, saukowa zuwa wajen PSI 20 yakan isa. Amma da sharaɗi uku. Ka tafi a hankali, ban da murɗa sitiyari da ƙarfi, don kar bakin tayar ya zame daga wili. Kar ka yi wannan da cikakken lodi, gara a rage buhu a fito da mota. Sannan ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta. Wanda ba shi da ɗan injin iska mai aiki da batirin mota, ko famfon ƙafa, gara ya bar iskarsa yadda take.

Bayan girbi ka kula da kututturen karan dawa da na masara, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Gefen taya suka fi huda, musamman idan iska ta yi kaɗan gefen ya bullo waje. Hujin gefe kuwa ba ya faci mai aminci. Haka ma hujin da ya wuce milimita 6 a tafin tayar.

Tayar na gaya maka abin da ke damunta

Duk mako ka durƙusa ka duba yadda take cinyewa. Idan gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ke yin kaɗan ko lodi ya yi yawa. Idan tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa. Idan gefe ɗaya ne kawai, motar na buƙatar alaimen, abin da ramuka ke yawan jawowa. Idan ka shafa ka ji tudu da kwari, a duba shokozoba da balansin. Ƙullutu a gefe alama ce wayoyin ciki sun tsinke, wannan tayar a cire ta a ranar.

Ga wata dabara mai sauƙi: ja layi da alli daga gefe zuwa gefe a tafin tayar, ka yi 'yar tafiya miƙe a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ka duba. Inda allin ya fara gogewa, nan tayar ke taka ƙasa.

Juya tayoyi, na gaba su koma baya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 yana sa su cinye tare. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudun roba masu tsayin milimita 1.6. Idan zane ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. Ga motar da ke shiga taɓo da damina kuwa, tun kafin a kai nan ta daina riƙe ƙasa.

Shekarun taya da batun gwanjo

Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, rana da zafi kuma suna gaggauta tsufan. Nemi inda aka rubuta DOT a gefen tayar, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe. Idan ka ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira, jami'anta kuma suna duba wannan lamba a hanya. Don haka ko sabuwa za ka saya, duba kwanan watanta kafin ka biya.

Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau, amma ba ka san sau nawa aka yi tafiya da ita babu iska ba. Idan dole ta sa, sa a cire ta daga wili ka duba ciki. Garin roba, baƙin zobe a bangon ciki, faci a gefe ko tsattsagewa, kowanne ya isa ka bar ta. A gida kuma kar a jingina taya inda gas ko baƙin mai ke zuba, suna ɓata roba.

Abin da za ka riƙe

Zaɓi rana ɗaya a mako ka auna duka tayoyin kafin motar ta motsa, har da safaya. Rubuta lambobin nan biyu, ta lodi da ta babu lodi, ka manna a inda direbanka zai gani. Tabbatar kowane bawul yana da murfinsa, domin ƙurar hunturu na shiga ta sa ya riƙa sace iska. Idan taya ɗaya ce kullum take sauka, akwai ƙusa ko ƙaya a jikinta, a cire ta a duba tun kafin ranar lodi. Aikin minti biyar ne, amma shi zai sa shinkafarka ta isa Sharada a kan lokaci, kai da yaranka kuma ku koma Hotoro lafiya. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a abin da aka noma.