Iyaye, a dakata da saya wa ƙananan yara tabaran VR

Tabaran nan da ake ɗaurawa a kai ya rufe idanu ruf, mutum ya ga kamar ya faɗa wata duniya, ya fara shigowa gidajenmu. Wasu tsaraba ake kawo musu daga waje, wasu na hannu suke samu a kasuwar waya. Tun kafin ya zama abin da kowane yaro zai riƙa birgima a saya masa, a ji da kyau: yaron da bai kai shekara 10 ba, kada a saya masa, ko wane iri ne.

Masu ƙera shi ma ba su yarda a ba ƙananan yara ba. Sony ta hana 'yan ƙasa da shekara 12 amfani da PlayStation VR. Apple ta ce Vision Pro sai ɗan 13. Meta, mai Quest, a 13 ta tsaya, sai a 2023 ta sauko zuwa 10, shi ma da sharaɗin asusun yaron ya kasance a hannun iyaye. Ɗan kasuwa ne fa, mai neman ciniki ido rufe, ya ce kada a ba yaro hajarsa.

Da kan babba aka auna na'urar. Quest 2 gram 503 ne, Quest 3 kuma 515, rabin kilo da ɗoriya rataye a gaban fuska, wuyan ɗan shekara shida ne zai ɗauka. Gilasan ciki kuma dole su yi daidai da tazarar da ke tsakanin idanu biyu. A Quest 2 mafi ƙanƙanta milimita 58 ce, idanun ƙaramin yaro kuwa galibi sun fi haka kusa da juna. Sai hoto ya dushe, ido ya yi ta kokawar haɗa shi, daga nan ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Yaro kuma ba zai faɗa ba, don ya san ana ji za a karɓe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutanen da ke ciki. Idan waya ce a hannun yaro, uwa tana wucewa za ta leƙa. Wannan kuwa yaro na tsakiyar falo, yana dariya yana ɗaga hannu, ba wanda ya san da wa yake magana. Wasanni irin su VRChat da Gorilla Tag hira ake yi da murya da baƙi daga ko'ina. A 2022 wata mai bincike ta BBC ta shiga VRChat a matsayin 'yar shekara 13, ba a tantance shekarunta ba, ta iske ɗakunan batsa, manyan maza suka yi ta tare ta. Uban da ya miƙa wa ɗansa na'urar da asusunsa a kai, ko ya ƙara wa yaro shekaru wajen rajista don a wuce wurin, shi da kansa ya cire duk kariyar da aka tanada.

Wanda ɗansa ya haura 10 kuma ya ga sai ya saya, to ya buɗe asusun yara da ainihin ranar haihuwa, ya zama sai da izininsa za a sauke wasa. A haɗa hoton da talabijin ko wayar babba, kowa ya ga abin da yaron ke gani. A riƙa cirewa ana hutawa. A kawar da tebur, a kula da fankar sama da ƙanen da ke rarrafe, domin mai tabarau ba ya ganin ƙasa. Na hannu a goge duk abin da ke ciki kafin a ba shi. Yaro mai farfaɗiya ko matsalar ido, a fara ganin likita.

Akwatin robar nan mai araha da ake zura waya a ciki ma bai tsira ba, hotonsa ya fi saurin kawo jiri. Na haya a wuraren wasan yara lokacin Sallah kuwa, fuska nawa ya hau tun safe? Idan ana fama da ciwon idon apolo a gari, kada a bari yaro ya sa shi ko na minti ɗaya.