Ko Kun Sani?

Seydou Keïta na Bamako, wanda yau ake baje hotunansa a Faris da New York, aikin kafinta ya fara koya wurin mahaifinsa. A 1935 kawunsa ya kawo masa tsarabar 'yar kyamara, Kodak Brownie, daga Senigal, ya soma gwada hannu a kan 'yan gidansu. Da ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, zanen gadonsa ya rataya a bango, hasken rana kuwa shi ne fitilarsa. Saboda tsadar fim, yawanci sau ɗaya tak yake danna kyamara, bayan ya daɗe yana gyara wa mutum zama da ɗaurin kallabi.